Karatun Attaura Mako Mako da Idodin Yahudawa: Darasi Domin Gidan Mai Bi

Nassin Nazari: Nehemiya 8:1-12; Luka 4:16-21

Ran Asabar da safe, a majami'ar Yahudawa, ko a Urushalima take, ko a Landan, ko a wani gari na Amurka, akan buɗe ma'ajin da ke gaban jama'a a fito da naɗaɗɗen littafi na fata. Jama'a duka sukan miƙe tsaye. Sai a ɗora littafin bisa teburin karatu, a warware shi daidai inda aka tsaya a makon da ya wuce, a ci gaba daga nan. Shugaban majami'a ba shi da ikon ya ce yau ga wurin da ya fi masa daɗi. Abin da ya zo, shi za a karanta, ko labarin Yusufu ne mai sa hawaye, ko dokokin kuturta, ko jerin sunayen kabilu. In ban da 'yan makonni a wasu shekaru, Bayahuden da ke Faransa da wanda ke Isra'ila wuri ɗaya suke karantawa a rana ɗaya.

Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce ga mai karanta Sabon Alkawari. Luka ya nuna cewa Yesu ya saba shiga majami'a ran Asabar. A Nazarat aka miƙa masa littafin annabi Ishaya, ya karanta a tsaye, ya naɗe shi ya mayar wa mai hidima, sa'an nan ya zauna ya yi bayani. A Antakiya ta Bisidiya, sai da aka gama karatun Attaura da na Annabawa kafin shugabannin majami'a suka ba Bulus dama ya yi magana (Ayyukan Manzanni 13:15). Ubangiji da manzanninsa a cikin wannan makaranta suka tashi. Ya kyautu iyalin Kirista su san yadda take.

Yadda Aka Raba Karatun

Littattafan Musa guda biyar, wato Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a, suna da surori 187. Yahudawa sun raba su kashi 54, suna kiran kowane kashi farasha. Sukan soma da Farawa sura ta ɗaya a wajen watan Oktoba, su gama da mutuwar Musa a daidai wannan lokaci a shekara mai zuwa. Da yake da wata suke lissafin shekara, wata shekarar watanni 12, wata kuwa 13, akan haɗa kashi biyu a Asabar ɗaya a wasu makonni domin lissafi ya fita daidai. A zamanin dā Yahudawan ƙasar Isra'ila sukan ɗauki shekara uku ko fiye kafin su sauke, na Babila kuwa shekara ɗaya. Tsarin Babila ne ya yi rinjaye.

A kowace Asabar akan kira mutum bakwai, ɗaya bayan ɗaya, su tsaya gaban littafin. Na fari daga zuriyar Haruna, na biyu Balawe, sauran daga cikin jama'a. Bayan wannan sai a karanta wani wuri daga Annabawa wanda ya dace da karatun ranar. Akan kuma yi gajeren karatu ran Litinin da ran Alhamis da safe. A dā waɗannan su ne ranakun kasuwa, sa'ad da mutanen ƙauye suke shigowa gari, manufar kuwa ita ce kada kwana uku su wuce mutum bai ji Attaura ba.

Littafin kansa da hannu ake rubuta shi, haruffa 304,805, marubuci kuwa yakan kwashe wajen shekara guda a kai. Idan harafi ɗaya ya goge, ba za a yi karatu da shi ba sai an gyara. Rubutun ba shi da wasula, saboda haka dole mai karatu ya shirya tun daga gida. In ya yi tuntuɓe a kalma, jama'a sukan ɗaga murya su gyara masa nan take, ko da shi babban malami ne. Abin lura a nan shi ne, ba mai gyara abin da bai sani ba. Jama'ar da ta iya gyara wa mai karatu, jama'a ce da ta riga ta karanta wurin a gida. Akwai ikilisiyoyin da mai wa'azi zai iya sa wa Bulus maganar da bai taɓa faɗa ba, a amsa masa da amin mai ƙarfi.

Malamansu na dā sun umarci kowane mutum ya bi kashin makon a gidansa sau biyu da Ibrananci, sau ɗaya kuma a cikin fassarar harshen Aramiya, wanda shi ne harshen da talaka yake ji a lokacin. Tushen wannan yana cikin Nehemiya 8. Ezra ya hau dakalin katako a dandalin Ƙofar Ruwa, ya karanta tun da sassafe har tsakar rana a gaban maza da mata da yaran da suka isa ganewa, Lawiyawa kuwa suka shiga cikin taro suna bayyana ma'ana. Sai da mutane suka gane kafin suka fashe da kuka. Mai jin Hausa yana da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshensa tun 1932. Abin da Lawiyawa suka yi wa jama'ar Ezra an riga an yi masa, an ɗaure a cikin bango ɗaya, yana ajiye a kan teburin ɗakinsa.

Wuraren da Ba Mai Zaɓa da Kansa

Babban amfanin wannan tsari shi ne yakan tilasta wa mutum ya bi ta inda ba ya so. Kashi mafi tsawo duka, mai suna Naso, yana da ayoyi 176, ya kuma ƙare da Ƙidaya sura 7. A wannan sura shugabannin kabilu goma sha biyu sun kawo baikonsu domin keɓe bagade, kowa da ranarsa. Abin da Nashon na kabilar Yahuza ya kawo a rana ta fari, shi ne daidai abin da Ahira na kabilar Naftali ya kawo a rana ta goma sha biyu: farantin azurfa, da kwanon azurfa, da ɗan kwanon zinariya cike da turare, da dabbobi iri ɗaya, adadi ɗaya. Duk da haka an jera kayan kowannensu daga fari har ƙarshe, sau goma sha biyu. Mai karatu mai gaggawa yakan karanta na fari ya tsallake sauran. Bayahude ba shi da wannan dama, dole ya zauna ya saurara. Da yake dole ne, sai malamansu suka tambayi kansu dalilin maimaitawar, suka kuwa amsa cewa Allah ya so ya girmama kowane mai baiko da sunansa. Bai rubuta na fari ya ce "da sauransu" ba. Matar da ta shekara ashirin tana share ɗakin sujada kowace Asabar, ba wanda ya taɓa ambaton sunanta a sanarwa, tana da rabo a cikin wannan sura. Amma ba za ta sani ba idan a gidanta kullum ana tsallake ta.

Haka kuma Firistoci 13 da 14, dokokin kuturta, waɗanda sukan zo a wajen watan Afrilu. Malaman Yahudawa sun haɗa su da labarin Maryamu 'yar'uwar Musa, wadda ta yi maganar ƙanenta saboda matar da ya aura, ta kuwa kuturce, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai (Ƙidaya 12). Saboda haka duk shekara idan wannan mako ya zagayo, maganar harshe ake yi a majami'u da gidaje: gulma, tsegumi, ɓata suna. Suna koyar da cewa mugun harshe mutum uku yake hallakarwa, mai faɗa, da mai ji, da wanda ake faɗa a kansa. A kula dai, wannan ba ya nufin cewa mai fama da kuturta a yau wani zunubi ya yi. Cutar da Firistoci yake magana a kai takan kama tufafi har da bangon gida, ba ita ce wadda ake ba da maganinta a asibiti ba. Yesu ma ya tsayar da irin wannan zato a kan makahon nan na Yahaya 9.

Sai Maimaitawar Shari'a 28. Masu bi da yawa sun haddace ayoyi 14 na farko, na albarku, sukan ja su a addu'a, sukan manna su a bayan mota. Surar kuwa tana da ayoyi 68. Sauran 54 ɗin gargaɗi ne da la'ana ga wanda ya juya wa Ubangiji baya. Idan aka zo wurin nan a majami'a, mai karatu yakan sassauta murya ya ɗan yi sauri, gama ba abin jin daɗi ba ne. Amma ba ya barin ko aya ɗaya. Gidan da ya saba da ayoyi 14 kaɗai yana renon yaran da za su yi mamaki ran da wahala ta zo, su ce ba haka aka faɗa musu ba.

Idan aka raba surori 187 a kan makonnin shekara, abin ya ɗan wuce sura uku da rabi a mako, wato wajen rabin sura a rana. Iyalin da suke addu'ar safe ko ta dare suna da wannan lokaci. Abin da ya rage shi ne a kafa doka a gida cewa inda aka tsaya jiya, nan za a tashi yau, ko littafin Romawa ake bi ko na Ƙidaya.

Daren da Yaro Yake Tambaya

Karatun mako na majami'a ne da gida, amma Idin Ƙetarewa na gida ne kusan ɗungum. Yakan zo a watan Maris ko Afrilu. Kwanaki kafin idin, akan share gida ƙwarai don a fitar da duk abin da ke da yisti, a daren jajibere kuma uba yakan ɗauki kyandir, yara suna biye, a bi lungu lungu ana neman ɓarɓashin gurasa. Wannan ne hoton da ke zuciyar Bulus sa'ad da ya ce wa Korantiyawa su kawar da tsohon yisti (1 Korantiyawa 5:7).

Da dare iyali sukan zauna a teburi ɗaya, har da baƙi. A gabansu akwai gurasa marar yisti, da ganye mai ɗaci, da ruwan gishiri da ke tuna musu da hawayen bauta, da wani cakuɗen 'ya'yan itace mai kama da lakar tubalin da kakanninsu suka kwaɓa wa Fir'auna, da gasasshen ƙashi a madadin ɗan ragon da ba a yankawa yanzu tun da babu Haikali. Kafin a ba da labarin fitowa daga Masar, dole ƙaramin yaro a gidan ya tashi ya yi tambaya: dalilin wannan gurasa, dalilin ɗacin, dalilin da ya sa ake tsoma ganye sau biyu, da dalilin da ya sa kowa yake ci a kishingiɗe kamar ɗan sarki. An shirya daren ne da gangan da abubuwan ban mamaki domin yaro ya kasa yin shiru. Har akan ɓoye gutsuren gurasa, yara su nema, wanda ya samu a ba shi kyauta, don kada barci ya ɗauke su kafin a gama.

A wurare huɗu Attaura ta umarci uba ya ba ɗansa wannan labari: Fitowa 12:26, da 13:8, da 13:14, da Maimaitawar Shari'a 6:20. Malamansu suka ce ba maimaici ba ne, 'ya'ya iri huɗu ne. Akwai mai hikima da yake son ya san kowace ƙa'ida. Akwai mai tawaye da yake tambaya kamar abin bai shafe shi ba. Akwai mai sauƙin kai da tambayarsa gajeruwa ce. Akwai kuma wanda bai ma san yadda ake tambaya ba, wanda uba ne zai buɗe masa magana. Kowa da amsar da ta dace da shi. Amsar mai tawaye tana da zafi, gaskiya ce, amma yana zaune a teburin, an ji tambayarsa, an kuwa amsa masa.

A nan gidajen masu bi da yawa suke da gyara. An tashi da cewa yaro mai yawan tambaya ba shi da kunya. A addu'ar iyali, maigida yakan karanta, ya yi wa'azin minti talatin, yara suna gyangyaɗi, a rufe da addu'a. Yaron da ya yi ƙarfin hali ya ce ta yaya Allah mai ƙauna ya kashe 'ya'yan farin Masar, sai a daka masa tsawa. Tambayar ba ta mutu ba. Zai kai ta makarantar kwana, ko jami'a, ko intanet, inda wani zai amsa masa yadda ya ga dama. Yesu yana ɗan shekara 12, jim kaɗan bayan wannan idi ne iyayensa suka same shi a Haikali, yana sauraron malamai yana kuma yi musu tambayoyi (Luka 2:46). Ba a kore shi ba.

Wasu abubuwa biyu na daren sun isa a ambata. Uba yakan ba da labarin kamar shi kansa aka fitar daga Masar, ba kamar tarihin wasu mutanen dā ba. Sa'ad da kuma aka zo lissafta annobai goma, kowa yakan ɗiga ɗigo ɗaya daga ƙoƙon inabinsa a kan kowace annoba. Bayanin da aka fi yi wa yara shi ne, murnar da aka samu ta wurin wahalar wasu ba ta cika ba, ko da waɗannan mutane maƙiya ne.

Abin da Wuta Ba Ta Ci Ba

A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu sojojin Roma suka ƙone Haikalin Urushalima. Hadaya ta tsaya, firistoci suka rasa wurin hidima. Daga baya jama'a suka warwatsu, suka zauna ba ƙasar kansu har 1948. Al'ummai da yawa da irin wannan ya same su sun narke a cikin maƙwabtansu, ba a ƙara jin sunansu ba. Yahudawa suka tsira da abin da ake iya ɗauka a kafaɗa: naɗaɗɗen littafi, da lissafin makonni, da teburin gida.

Masu bi na Gwoza da Michika da Mubi ba sa bukatar a fassara musu wannan. A 2014 an ƙone ɗakunan sujada, fastoci da membobi suka watse, wasu zuwa duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola da Jos. A wurin gudun hijira babu Makarantar Lahadi da ke jira, babu allon waƙa, babu mai bishara. Abin da uba da uwa suka riƙe a ka, da abin da suka saba yi da 'ya'yansu da dare, shi ne ya bi su.

Ranar Kafara da Idin Bukkoki

A wajen Satumba ko Oktoba sukan kiyaye Ranar Kafara da azumin wajen awa 25. Koyarwarsu ita ce, wannan rana ba ta shafe laifin da mutum ya yi wa ɗan'uwansa sai ya je ya nemi gafararsa tukuna. Saboda haka a kwanakin da ke gabanta akan ga mutane suna biyan bashi, suna neman waɗanda suka ɓata wa rai. Matiyu 5:23-24 ya ɗora wa mai bi wannan nauyi kafin ya kai baiko. A safiyar ranar kuma, mutane suna tsaka da jin yunwa, sai a karanta musu Ishaya 58, inda Allah ya ƙi azumin mai zaluntar ma'aikatansa.

Bayan kwana biyar sai Idin Bukkoki. A lokacin da aka tattara amfanin gona, rumbu ya cika, a lokacin ne aka umarce su su bar ɗakunansu su zauna kwana bakwai a bukkar da aka rufe da rassan itace, wadda ruwa yake iya ɗiga ta cikinta. Da yawansu sukan karanta littafin Mai Hadishi a wannan mako. Manomin da ya gama kaka yana auna buhunansa ya san dalilin da ya sa aka zaɓi wannan lokaci.

Wani zai tambaya ko ana cewa ne Kirista ya koma kiyaye waɗannan idodi. Ba haka ba ne. Taron Urushalima ya yanke wannan magana (Ayyukan Manzanni 15), Bulus kuma ya bayyana cewa idodi da Asabar inuwa ce, ainihin kuwa Almasihu ne (Kolosiyawa 2:16-17). Shi ne Ɗan Ragon Ƙetarewa na mai bi, shi ne kafararsa. Masu yafa mayafin Yahudawa suna busa ƙahon rago da zaton addu'arsu za ta fi ƙarfi, sun ɗauki ɓawo sun bar ƙwaya. Amma wanda ya raina Yahudawa shi ma ya ɓata hanya, gama Romawa 11 ya gargaɗi reshen da aka ɗaura kada ya yi wa tushe fahariya.

Da an gama Idin Bukkoki sai ranar da suke kira Simhat Tora, wato murnar Attaura. A ranar ake sauke karatun shekara. Akan fito da dukan naɗaɗɗun littattafan majami'a, tsofaffi su rungume su suna rawa, a kewaya sau bakwai, yara a kan kafaɗun iyayensu. Akan tara ƙananan yaran da ba su isa a kira su karatu ba, a shimfiɗa babban mayafi a bisa kawunansu, a karanta a gabansu a sa musu albarka. Sa'an nan a karanta sura ta ƙarshe: Musa yana da shekara 120, ya hau Dutsen Nebo, ya hangi ƙasar da ba zai shiga ba, ya mutu, ba wanda ya san kabarinsa. Kafin jama'a su watse, sai a ɗora littafi na biyu wanda aka riga aka naɗe zuwa farkonsa, a kira wani mutum, a soma karanta Farawa sura ta ɗaya.